Shuɗin Kura a Fuskar Buzu

A watan Yulin 2016, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Spencer Tunick ya tara mutum 3,200 a birnin Hull na Ingila. Suka tuɓe zigidir, aka shafe su da shuɗin fenti, ya ɗauke su hoto a kan tituna. Kafin nan, a 2007, wajen mutum 18,000 ne suka tsaya masa tsirara a babban dandalin birnin Meziko. Masu yabonsa suna cewa fasaha ce. Bahaushen da ya tashi cikin kunya da sutura kuwa zai yi wuya ya ga gwaninta a taron da aikinsa kawai cire riga.

Garin Kura na ƙasar Kano ma ya daɗe yana sa wa jikin mutum shuɗi, amma ta hanyar tufa, kuma da gumin gwanaye. Tun ƙarni na 19 garin ya yi suna da turkudi. Masaƙa su saƙa sawaye sirara, wasu da kyar suka fi faɗin yatsa, maɗinka su harhaɗa su. Sai marina su karɓa, su yi ta tsomawa a karofi cikin ruwan baba da toka, a shanya, a sake tsomawa, har shuɗin ya koma baƙi. Aikin da ya fi cin ƙarfi shi ne bugu: a shimfiɗa zanen kan gungume, a barbaɗa masa shuni, maza biyu su zauna suna fuskantar juna suna lugudensa har ya riƙa walƙiya.

Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar suna kaiwa Ghat da Murzuk da Timbuktu. Buzayen Agadas su ne manyan masu sayen wannan turkudi, wanda ake kira ɗan Kura, don naɗin rawani. Shunin yakan zuba ya rine musu fuska, su kuwa ado suke ɗaukarsa, har Turawa suka laƙaba musu suna shuɗɗan mutane.

Yadin kanti da rinin zamani sun rage wa karofi kasuwa. Da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bazu a Kura da Bunkure, matasa da yawa suka koma shinkafa da tumatir da alkama. Abin takaici, baƙo yau ya fi sanin Kura da buhun shinkafa. Masu rini da bugu sun ragu ainun, amma waɗanda suka saura har yanzu fataken Nijar ne manyan abokan cinikinsu.