Lissafin Keso a Sakkwato

Kafin zuwan sule da kwabo, da wuri ake ciniki a kasuwar Sakkwato. Ba a zarga shi a zare, zubewa ake yi ƙasa, mai ƙirga ya durƙusa yana ja biyar biyar da yatsu. In ya cika 20,000 sai a ɗura a buhun kaba, shi ne keso.

Wannan adadi yana da daɗin rabo ƙwarai. Ana kasa shi gida 2, ko 4, ko 5, ko 8, ko 10, ba saura. Tumuninsa 2,500 ne, watau kuɗin liyari guda a Kano cikin 1851, kamar yadda Barth ya rubuta. Shi ne Baturen Jamus da ya iso Sakkwato cikin 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba.

Amma fa keso ba ya kasuwa gida uku, ga shi kuwa rabon gado ba ya rabuwa da sulusi. In mutum ya rasu ya bar keso guda, magadansa 'ya'ya maza uku, kowa zai sami 6,666, wuri biyu su ragu a tabarma. Wuri kuwa ba shi da canji, in an fasa shi ya tashi daga kuɗi.