Ƙofar Tasha da Haƙƙin Shaƙar Iska: Nazarin Dokokin Hayaƙi da Sharuɗɗan Shigar Manyan Motoci a Tashoshin Los Angeles da Long Beach

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda tashoshin jiragen ruwa na Los Angeles da Long Beach, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, suka yi amfani da ikonsu na hana shiga wajen tilasta wa masu manyan motocin dakon kwantena rage hayaƙin da motocinsu ke fitarwa, daga 2008 zuwa 2025. An bi diddigin matakan shirin, da shari'ar da ta biyo bayansa, da halin da direbobi suka samu kansu a ciki. Nazarin ya nuna cewa sharaɗin ƙofa ya sauya motoci cikin shekaru kaɗan, amma bai tantance wanda zai ɗauki nauyin kuɗin sauyin ba, kuma wannan giɓin ne ya ci gaba da bibiyar shirin har zuwa matakin motocin lantarki.

Gabatarwa

Tashoshin biyu suna maƙwabtaka da juna a gaɓar San Pedro, kuma ta cikinsu ne kimanin kashi ɗaya bisa uku na kwantenonin da ke shiga Amurka ta teku suke bi. Kwantenar da aka sauke daga jirgi ba ta isa hannun mai ita sai an ɗora ta a kan babbar mota zuwa ɗakin ajiya ko tashar jirgin ƙasa da ke kusa, kuma wannan aiki shi ne a nan za a kira dakon gajeren zango. Tun bayan dokar 1980 da ta sassauta sa idon gwamnatin tarayya a kan harkar sufurin kaya, aikin ya koma hannun direbobi masu motocin kansu, waɗanda ake biya bisa yawan sawun da suka yi. Da yake ribar ba ta taka kara ta karya ba, sai su sayi tsofaffin motocin da kamfanonin dogon zango suka gama morewa. A lokacin da aka fara shirin tsaftacewa, motoci kimanin dubu 16 ne ke zirga-zirga a tashoshin, da yawansu sun haura shekara goma a kan hanya.

Hayaƙin waɗannan motoci yana sauka ne a kan unguwannin Wilmington da San Pedro da yammacin Long Beach, da gidajen da ke jere a gefen babbar hanya mai lamba 710, inda akasarin mazauna masu ƙaramin ƙarfi ne. Abubuwa biyu ne suka fi illa a cikinsa. Na farko shi ne kunkunniyar dizal, wato ƙananan burbushin baƙin hayaƙi da ke ratsawa har cikin huhu, wadda hukumar kula da iska ta Kalifoniya, CARB, ta ayyana a matsayin guba a 1998, kafin hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya hayaƙin dizal a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji a 2012. Na biyu kuwa iskar naitirojin oksayid ce, wadda ke haɗuwa da hasken rana ta zama hazo mai tayar da ciwon asma.

Matakan Haramci da Yadda Ƙofa ke Aiki

A watan Nuwamba na 2006 hukumomin tashoshin biyu suka amince da shirin haɗin gwiwa na tsaftace iska, kuma daga cikinsa ne shirin tsaftace motoci ya fito. Ranar 1 ga Oktoba, 2008, aka haramta shigar duk motar da aka ƙera kafin 1989. A farkon 2010 haramcin ya haɗa da na 1989 zuwa 1993, da kuma na 1994 zuwa 2003 da ba a sanya musu matacin hayaƙi ba, sannan daga 1 ga Janairu, 2012, babu motar da ke shiga sai wadda injinta ya cika ma'aunin tarayya na 2007. Wannan ma'auni ya rage kunkunniyar da aka yarda inji ya fitar da kashi 90 cikin ɗari idan aka kwatanta da na gabaninsa.

Ƙarfin shirin yana cikin sauƙin aiwatar da shi. Ba sai jami'i ya tare mota a titi ya auna salansarta ba. Kowace mota tana da rajista a kundin tashar, tana kuma ɗauke da 'yar alamar lantarki da na'urar ƙofa ke karantawa daga nesa, ta yadda motar da shekarun injinta suka saɓa wa sharaɗi ba za a ɗaga mata shinge ba. Direban da ba ya iya shiga tasha kuwa ba shi da sana'a. Ƙididdigar da tashoshin ke fitarwa kowace shekara ta nuna cewa kunkunniyar motoci ta ragu da sama da kashi 90 cikin ɗari a kan ta 2005, kuma wannan nasara ce ta gaske da bai kamata a raina ta ba. Sai dai an samu masu zagayewa: wasu suka koma amfani da motoci masu ɗan ƙaramin nauyi da dokar farko ba ta ambata ba, wasu kuma suka riƙa fito da kwantena da sabuwar mota, su sauya mata tsohuwa a bayan katanga, har sai da aka yi wa dokokin gyara.

Akwai kuma iyakar da fasahar kanta take da ita. Matacin kunkunniya yana buƙatar dizal mai ƙarancin farar wuta, abin da ya sa Amurka ta sauko da adadinta daga kashi 500 zuwa 15 cikin miliyan a 2006, yana kuma buƙatar zafin salansa mai yawa domin ya ƙone dattin da ya tara. Na'urar da injinan da aka ƙera daga 2010 ke amfani da ita wajen rage naitirojin oksayid, ta hanyar fesa ruwan yuriya a cikin hayaƙi, ita ma ba ta aiki sosai sai ta yi zafi. Motar dakon gajeren zango kuwa tana shafe sa'o'i a layi injinta na kunne ba tafiya, wato a daidai yanayin da waɗannan na'urori suka fi rauni, don haka tsawon layi a bakin ƙofa wani ɓangare ne na matsalar hayaƙi. Batun mai yana da muhimmanci ga tashoshi irin na Apapa a Legas, inda tun Fabrairun 2021 ake da tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto: ƙofar da za a iya ɗora wa sharaɗin hayaƙi ta samu, amma matacin ba zai daɗe ba muddin dizal ɗin da ke cikin tankin mota yana da farar wuta mai yawa.

Shari'a a kan Iyakar Ikon Tasha

Tashar Los Angeles ta hango tun farko cewa direban da ke neman na abinci ba zai iya sayen motar da kuɗinta ya kai dala dubu 100 ba, balle ya kula da ita. Saboda haka ta shar'anta wa kamfanonin dako su sanya hannu a yarjejeniyar da ta ƙunshi mayar da direbobi cikakkun ma'aikata sannu a hankali, da tanadar wurin ajiye motoci ba a gefen titi ba, da liƙa lambar wayar kai ƙorafi, da nuna shaidar ƙarfin jari da tsarin gyara. Ƙungiyar kamfanonin sufuri ta Amurka, ATA, ta shigar da ƙara a Yulin 2008, tana dogaro da dokar tarayya ta 1994 da ta hana jihohi da birane kafa doka a kan farashi ko hanya ko hidimar masu dakon kaya. Long Beach ta yi sulhu a 2009, Los Angeles kuwa ta ci gaba da shari'a, tana cewa ita mai gida ce da ke gindaya wa abokan ciniki sharaɗi, ba gwamnati mai kafa doka ba.

A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta soke sharaɗin mayar da direbobi ma'aikata, sannan ranar 13 ga Yuni, 2013, Kotun Ƙoli ta soke na wurin ajiya da na liƙa lamba, ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba. Mai shari'a Elena Kagan, wadda ta rubuta hukuncin, ta kafa hujja da cewa tashar ta tanadi tara da ɗauri ga mai kula da ƙofar da ya shigar da motar kamfanin da bai sa hannu ba, kuma ɗan kasuwa ba shi da ikon ɗaure kowa. Haramcin tsofaffin motoci bai taɓu ba, domin ba shi ake jayayya a kai ba. Abin da ya faɗi shi ne ɓangaren da aka tsara domin ɗora nauyin kuɗi a kan kamfanoni.

Wanda Ya Biya

Da yake sharaɗin mayar da direbobi ma'aikata bai yi aiki ba, kamfanoni da dama suka sayi sababbin motoci, wasu da tallafin tashoshin, suka ba direbobi bashi a kan cewa motar za ta zama tasu bayan sun gama biya. Kuɗin mota da inshora da mai da gyara duk daga albashin mako ake zaftare su. Binciken da ɗan jarida Brett Murphy ya wallafa a jaridar USA Today a 2017 ya bayyana direbobin da ke aiki fiye da sa'o'in da doka ta yarda, suna komawa gida da abin da bai kai ya kawo ba, kuma idan rashin lafiya ta kwantar da mutum ko aka sallame shi, sai ya rasa motar tare da duk abin da ya zuba a cikinta. Ofishin kwamishinan ƙwadago na jihar ya yanke hukunci a ƙararraki masu yawa cewa ma'aikata ne aka laƙaba wa sunan 'yan kwangila. A 2018 majalisar jihar ta zartar da dokar da ta sa mai kaya ya zama abokin tarayya a bashin haƙƙin direba idan ya ɗauki kamfanin da hukunci ke kansa bai biya ba. Babban abin takaici a nan shi ne, da yawa daga cikin direbobin baƙi ne 'yan ci-rani da ke zaune a unguwannin da aka yi shirin domin su, don haka iyali ɗaya ne ya samu sauƙin numfashi ya kuma ɗauki bashin.

Matakin Motocin Lantarki

A 2017 tashoshin suka sanya 2035 a matsayin shekarar da za a daina shigar da motar da ke fitar da hayaƙi kwata-kwata. Hukumar CARB ta mara musu baya a Afrilun 2023 da dokar da ta ce daga farkon 2024 sai mota mai batir ko mai haidurojin za a yi wa sabuwar rajistar dako. Amma Kalifoniya ba ta iya aiwatar da irin wannan doka sai da sahalewar hukumar kare muhalli ta tarayya, kuma a Janairun 2025, kwanaki kaɗan kafin rantsar da Donald Trump, jihar ta janye buƙatar da ta shigar.

Abin da ya rage a hannun tashoshin shi ne kuɗin da suka fara karɓa ranar 1 ga Afrilu, 2022, dala 10 a kan kowace kwantena mai tsawon ƙafa 20 da ke ɗauke da kaya, wanda ake tarawa domin tallafin sayen motoci da gina wuraren caji, tare da yafe shi ga kayan da motar lantarki ta ɗauka. An rubuta a ƙa'idar cewa mai kaya ne zai biya, kuma an hana a ɗora wa direba, wanda hakan gyara ne kai tsaye ga kuskuren zagayen farko. Duk da haka adadin bai kai dala 35 na makamancin kuɗin da tashoshin suka fara karɓa a 2009 ba, alhali kuɗin motar lantarki ya ninka na dizal, nauyin batirinta yana rage kayan da za ta ɗauka, sa'o'in da take yi a wurin caji kuma suna fita ne daga lokacin direban da har yanzu bisa sawu ake biyansa.