Tantanin Roba da Man Galan: Tarihin Gardamar Injin Zarto

Mai injin zarto a Lafani, can ƙasar Illela, yakan taka injinsa da ƙafa ya fizgi igiya sau goma, sau ashirin. Injin ya yi tari, ya kama, da an danna masa wuta kuma ya mutu. Ranar da ya ƙi tashi ɗungurungum, ranar babu kuɗin cefane. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne tsufa ya cim masa. Amma galibi mai laifin wani ɗan tantani ne da bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma shi ma yana da tarihinsa.

Zarto mai sarƙa a ɗakin tiyata ya fara aiki. A 1830 wani likita Bajamushe, Bernhard Heine, ya ƙera wanda ake murzawa da hannu domin yanka ƙashi. Sai da aka kusa shafe ƙarni guda kafin ya shiga daji: Andreas Stihl ya fito da mai lantarki a 1926, Emil Lerp na kamfanin Dolmar ya biyo da mai fetur a 1927. Mutum biyu ke ɗaukar waɗannan injina, kuma suna da wata nakasa. Kafireton masu fetur na tara man ne a ɗan kofi, da an karkata injin sai man ya malale ko ya yanke, alhali ba a kayar da bishiya sai an kwantar da zarto.

Daga jiragen sama aka samo mafita, domin su ma sukan kifa a sararin sama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙanƙantar da dabarar: maimakon kofi, tantani biyu na roba, ɗaya yana zuƙo fetur da bugun injin, ɗaya yana auna abin da zai shiga. Da wannan zarto ya zama kayan aikin mutum ɗaya. Stihl Contra na 1959 nauyinsa kilo 12 ne, kuma magajinsa 070, wanda ya fito a 1968, har yau shi da kwaikwayonsa na Sin ke ruri a dazukan Afirka.

Sai dai roba tana bushewa. Zafin Afrilu a ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, fetur ɗin da ya kwana makonni a tanki kuma yakan bar danƙo. Da tantanin ya sandare, man da ke shiga ya isa injin ya yi gunaguni a tsaye, amma bai isa ya ci itace ba. Ƙurar hunturu tana nata ɓarnar a matatar iska.

Nan ne siyasar iyaka ta shigo. An rufe iyakokin Najeriya na tudu a Agustan 2019, a Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Illela, mai fuskantar Ƙwanni, tana ciki tsundum. Manufar ita ce toshe fasa-ƙwauri. Abin da ya biyo baya shi ne ƙara dogaro da 'yan bumburutu, waɗanda galan ɗinsu ke ɗauke da yashi, wani lokaci har da ruwa. Mota na iya haƙuri da wannan. Hanyoyin mai na kafireton zarto kuwa ba su fi kan allura ba. Da cire tallafi a Mayun 2023 ya ninka farashi, sai tsumulmula ta koma kan man gauraya: injinan zamani kashi 1 suke so cikin 50 na fetur, kuma na musamman, ba baƙin man da aka juye daga babur ba.

Shi ya sa gogaggen bakanike ba ya fara da sukudireba. Yakan zubar da tsohon mai, ya duba fulogi, ya wanke matatar iska da ta cikin tanki, ya lalubi tsaga a tiyo, sannan ya buɗe kafireto ya sauya tantani. Mai gaggawa shi ke murɗa sukurorin nan biyu masu alamar L da H har ƙarar ta yi kaifi. Injin zai tashi kam, amma da ƙarancin mai, kuma tun da a cikin man nan maiƙonsa yake, fistin kan kama bango kafin a gama sassabe.