Cutar seliyak: rashin lafiyar da alkama ke tayarwa, wadda ake daɗewa ba a gano ta ba

Cutar seliyak, wadda likitoci ke kira maladie cœliaque da Faransanci, tana kama mutumin da jikinsa ba ya jure gulutan, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir. Duk sanda ya ci burodi, taliya, fanke ko alkaki, garkuwar jikinsa sai ta far wa bangon ƙaramin hanjinsa, har hanjin ya kasa tsotse amfanin abinci. Ana ƙiyasin tana shafar kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma tana bin jini.

Ga yara, alamunta su ne zawo mai daɗewa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini da rashin girma. A jihar Diffa kuwa waɗannan su ne alamun tamowa da tsutsar ciki da shan gurɓataccen ruwa, don haka ba kasafai hankali ke zuwa kan alkama ba. Akwai ma abin da ke ƙara ɓoye ta: Plumpy'Nut da ake bai wa yara masu tamowa na gyaɗa ne da madara da sukari da mai, babu alkama a ciki. Yaro mai seliyak zai iya murmurewa a kansa, ya koma gida ya ci burodi da shayi, ya sake ramewa, a ce uwar ce ba ta kula.

Ilimin cutar tafiyar hawainiya ya yi. Likitan Ingila Samuel Gee ya bayyana ta a 1888, amma sai a 1950 ne Willem Dicke na ƙasar Holan ya tabbatar da hannun alkama a ciki. An jira har 1997 kafin a gano sinadarin da gwajin jini na yau ya dogara a kansa. An kuma daɗe ana ɗaukar ta ciwon Turawa, sai da binciken da aka buga a 1999 ya same ta a jikin kashi 5,6 cikin 100 na yaran Sahrawi da aka gwada, mutanen da fulawar agaji ta zame musu abincin yau da kullum.

Wannan darasi ya shafi kwarin Komadugu, inda ake noman alkama da rani tare da tattasai da shinkafa, kuma dubban iyalai suka shekara da shekaru a kan abincin agaji. Sai dai gano cutar na buƙatar gwajin jini na musamman, sau da yawa har da zura na'ura ta baki a gutsuro tsokar hanji, aikin manyan asibitoci irin na Yamai, mai nisan sama da kilomita 1300 daga Diffa. A Yébi, kusa da Bosso, ɗakin shan maganin da ƙungiyar MSF ke gudanarwa ma an lalata shi a harin Boko Haram na watan Mayun 2016.

Maganin cutar shi ne barin alkama har abada. Gero, dawa, masara, shinkafa, wake da rogo duk ba su da gulutan, saboda haka tuwo da fura ba su da laifi muddin fulawa ba ta gauraya da su ba. Likitoci na gargaɗin kada a daina cin alkama kafin a yi gwaji, domin sakamakon na iya fitowa ba komai alhali cutar tana nan.