Asma'u ba ta da hoto, amma takardunta suna nan

Tsofaffin hotunan Zinder na zamanin Faransawa, kafin a mayar da babban birnin Nijar Yamai a 1926, galibi fadar Sarkin Damagaram suke nunawa, da mahaya, da kasuwa. In mace ta fito, da tulu a ka za ka gan ta, ba suna. Shi ya sa nake ce wa malaman makaranta kada su dogara da hoto wajen neman tarihin mata masu alƙalami.

Ku dubi Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu a 1864, ba wanda ya ɗauki hotonta. Amma waƙoƙinta na Larabci da Fulatanci da Hausa sun tsira, domin zuriyar mijinta Waziri Giɗaɗo sun adana su. A wurin Waziri Junaidu ne Jean Boyd ta samu da yawa daga ciki, har ita da Beverly Mack suka buga su a 1997.

A gidajen Birni da Zango ma akwai gafakar kakanni. Iyaye, ku buɗe ta kafin gara ta riga ku, ku tambayi tsofaffi rubutun wa ne. In na mace ne, ku rubuta sunanta a wata takarda daban, ku saka ciki.