Yadda Labarin Sabon Littafi Ke Isa Laburare: Waiwaye a Kan Tarihi

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata rana da na shiga wani babban laburare ina neman wani littafin Hausa wanda na tabbata an buga shi, don kuwa na taɓa riƙe shi da hannuna a kasuwa. Ma'aikacin da na tarar, dattijo ne mai haƙuri, ya duba katuna, ya duba kwamfuta, daga ƙarshe ya ce mini, "Malam, ni ban ma taɓa jin sunansa ba." Ban ga laifinsa ba. Mutum ba ya sayen abin da bai san an yi shi ba, shi ya sa Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Tun daga ranar nake tambayar kaina: wace hanya ce labarin sabon littafi ke bi ya isa kunnen mai kula da laburare, kuma a ina hanyar ta yanke mana?

Kafin Zuwan Maɗaba'a

A zamanin da ake kwafar littafi da hannu, labarinsa yana tafiya ne a ƙafar mutane, watau fatake da alhazai da almajirai masu yawon neman ilmi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15, Fulani sun zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga. Malami kuwa shi ne laburaren kansa, shi ne kuma mai sanar da ɗalibansa abin da ya kamata su nema. Har ila yau malaman jihadi sun bar mana abin da ya yi kama da jerin littattafai. Abdullahi ɗan Fodiyo ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurinsu cikin Ida'un Nusukhi, Muhammadu Bello kuma ya ambaci malaman ƙasashen nan da wallafe-wallafensu cikin Infaƙul Maisuri a 1812.

Zamanin Zariya

Da boko ya zo, sai al'amarin ya tattaru wuri guda. Gasar da Dokta Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu na 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan hukumar NORLA ta yi ta fitar da ƙananan littattafai domin Yaƙi da Jahilci har zuwa 1959. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC da haɗin gwiwar Gaskiya da Macmillan. Abin lura a nan shi ne, kusan duk wani littafin Hausa na boko daga Zariya yake fitowa. Saboda haka mai kula da ɗakin karatu na En'e, ko na makaranta, ba ya shan wahala: in ya bi jaridar Gaskiya, ya kuma sami jerin littattafan kamfani, to ya san abin da ake ciki.

Dokar Ajiye Littafi

A Turai da Amurka tuni suka ƙirƙiro mujallu musamman domin wannan aiki. Ingila tana da The Bookseller tun 1858, Amurka kuwa ta sami Publishers Weekly a 1872 da Library Journal a 1876. A Nijeriya doka ce ta buɗe hanya. Dokar ɗab'i ta 1950 ta wajabta wa masu buga littattafai su ajiye kofe a laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan, inda John Harris yake shugaba. Daga abin da ake kawowa ne suka riƙa fitar da jerin da ake kira Nigerian Publications. Bayan an kafa Laburaren Ƙasa da dokar 1964, sai Doka ta 29 ta 1970 ta mayar da aikin hannunsa. Ta ce mai buga littafi na kansa ya ba da kofe 3, gwamnatin jiha 10, gwamnatin tarayya 25. A 1973 jerin ya koma National Bibliography of Nigeria.

Dabarar mai sauƙi ce. Littafi ya isa Laburaren Ƙasa, a rubuta sunansa da na mawallafinsa da maɗaba'a da shekara, a buga jerin, a rarraba, kowane laburare ya duba ya yi oda. Amma duk sarƙar ta rataya ne a kan matakin farko. In mai bugawa bai kai littafinsa ba, to a idon hukuma ba a haifi littafin ba ke nan.

Akwai kuma ƙoƙarin da ya shafi Afirka baki ɗaya. A watan Disamba na 1973 aka yi babban taro a Jami'ar Ife a kan harkar ɗab'i a Afirka. Hans Zell, wanda ya yi aiki a can, ya fara fitar da mujallar African Book Publishing Record a 1975, sau huɗu a shekara, tare da kundin African Books in Print. Ta wannan hanya ne laburare a Landan ko Shikago yake jin labarin littafin da aka buga a Zariya ko Dakar.

Inda Gizo Ke Saƙa

Daga tsakiyar shekarun 1980 komai ya sauya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka fi karkata ga littattafan makaranta, kuɗin sayen littafi a laburare ya ƙafe. A daidai wannan lokaci ne matasa, maza da mata, suka shiga buga ƙagaggun labaransu da kuɗinsu, abin da wasu suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya a farkon shekarun 1990, ga kuma irin su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa.

Waɗannan marubuta sun ƙirƙiri tasu hanyar sanarwa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama sukan jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin littattafansu, gidajen rediyo suna karanta labaran, masu shaguna da masu ba da haya suna yaɗa abin da ya fito. Labari yana isa ga amarya a ƙuryar ɗakinta cikin 'yan kwanaki, amma ba ya isa teburin ma'aikacin laburare, saboda da yawa daga cikin littattafan ba su da lambar ISBN, wasu ko shekarar bugu babu, ba a kuma kai su ajiya. A ganina akwai raini a ciki, don kuwa wasu masana sun ɗauke su shirme ne da bai cancanci kanta ba. Sakamakon haka, jerin da manazarta ke dogara da shi na littattafan 1987 zuwa 2002 shi ne wanda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tsara, aka buga a Jamus a 2004. Ina yaba musu ƙwarai, amma ya kamata abin ya dame mu.

Kammalawa

Yau kuma labarai da dama ba sa ma hawa takarda. A WhatsApp da Wattpad ake sakinsu kashi-kashi, in waya ta lalace ko marubuciya ta goge shafinta, shi ke nan. Ɗalibin da zai rubuta kundin digiri a kansu nan da shekara 30, me zai tarar?

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu ita ce mu ware shafi guda a kowace fitowar mujallarmu domin jera sababbin littattafan Hausa: suna, mawallafi, maɗaba'a, gari, shekara, yawan shafuka da inda ake samu. Duk wanda ya tafi hutu ya leƙa kasuwar garinsu ya rubuto abin da ya gani. Sa'an nan mu kai kofen mujallar hannu da hannu ga jami'in sayen littattafai na laburarenmu. Marubutan cikinmu kuma su nemi lambar ISBN daga Laburaren Ƙasa, su kai kofe 3 ɗin da doka ta ce. Aikin ba shi da tsada, biro da takarda da naci kawai yake bukata. Allah ya ba mu ikon yi, amin.