Tarihin Rangwamen Harajin Kantuna a Ingila

Harajin da ake ɗora wa kantuna da masaukai da sauran wuraren sana'a a Ingila tsohon abu ne. Asalinsa wata doka ce ta 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, wadda ta umurci kowace gunduma ta karɓi kuɗi daga mazauna gidaje da filaye domin ciyar da matalauta. A kan kimanta kuɗin hayar wuri na shekara, sa'an nan a yanka haraji bisa gare shi, kusan rabinsa. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, sai an biya.

To, a 2020 annobar korona ta auko. Ran 23 ga Maris Gwamnati ta umurci yawancin kantuna su rufe. Kafin nan, ran 17 ga watan, Ministan Kuɗi Rishi Sunak ya yi shelar an yafe harajin shekara guda ɗungum ga masu kantuna da gidajen abinci da masaukai da wuraren wasanni. Abin da aka yafe ya kai wajen fam miliyan dubu goma.

Ga inda ya kamata ma'aikacin baitulmali ya lura. Hukumomin gundumomi su ke karɓar wannan haraji, tun 2013 kuwa rabinsa na tsayawa hannunsu, da shi su kan yi wa jama'a aiki. Da an yafe an bar su haka nan, da kyauta aka yi da kayan wani. Amma Gwamnati ta biya su abin da suka rasa daga babban baitulmali. Wannan, a ganina, shi ne mafi kyaun abin da aka yi cikin sha'anin duka.

Sai dai gaggawa ta sa ba a tantance ba. Manyan kantunan abinci ba su rufe ko yini ɗaya ba, cinikinsu ma ƙaruwa ya yi, ga shi kuwa an yafe musu tare da mai ɗan shagon da ya yi watanni a garƙame. Mutane suka yi ta gunaguni, har a Disamba 2020 kamfanin Tesco ya ce zai mayar da fam miliyan 585, su Sainsbury's da Morrisons da Asda suka bi sahu. Masu ofisoshi da masana'antu kuwa ba su sami wannan rangwame ba, sai a Maris 2021 aka ware musu fam miliyan 1,500.

Ba a maido da harajin gaba ɗaya ba, gama mai jinya ba ya tashi ya ɗauki kaya ran da zazzaɓi ya sake shi. An ƙara wata uku na yafewa har ƙarshen Yuni 2021, daga nan rangwamen ya koma kashi 66 cikin ɗari, a 2022 kashi 50. Tsadar kaya ta sa aka ɗaga shi zuwa 75 a 2023, ya sauko 40 a Afrilu 2025.